Neman shawara: biyolon da baka na yaron da karatunsa ya yi nisa, jika 300 ke hannuna

Maman Abdu, Yantala

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan biyolon, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Ɗana yana da shekara 14, shekara uku ke nan yana koyo a nan Yamai. Wanda ke hannunsa mai girman 3/4 ne, wato ƙasa da cikakke, mai arha. Malaminsa ya ce ya yi masa kaɗan, kuma yanzu da ya fara hawa da hannu zuwa matsayi na uku, kayan ne ke ja masa baya: tsirkiyar Mi, wadda ta fi siranta, tana ƙara kamar ana kankare tukunya, kunnuwan ɗaure tsirkiya suna sulɓewa, bakan kuma ya karkace. Jika 300 na ware, komai da komai. Ƙanena zai zo daga Faransa a watan Disamba, zai iya sayowa. Akwai kuma wani ɗan kasuwa da ya turo mini hoton wani a jika 90, an manna takarda a cikinsa an rubuta Stradivarius. Wanne zan bi?

Malamin kiɗa, Bukoki

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaro albarka.

Takardar nan kada ta ruɗe ki. Antonio Stradivari, shahararren maƙerin biyolon mai wannan suna, ya rasu a Kiremona ta ƙasar Italiya tun 1737, kuma daga baya masana'antun Jamus da Faransa suka manna sunansa a cikin dubban biyolon don nuna fasalin da suka kwaikwaya. Takarda ba ta shaidar kyau, ba ta shaidar muni. Amma sayen kayan kiɗa daga hoto, ba a ji muryarsa ba, wannan kam ban ba ki shawara ba.

Ki fara auna yaron. Ya miƙe hannun hagu sosai, ki ɗora mitar tela daga gindin wuyansa zuwa tsakiyar tafin hannu. In ya kai santimita 59 ko 60, ya isa cikakken 4/4, wanda tsawon jikinsa yake wajen santimita 35,6. In bai kai ba, gara a ɗan jira, don babban kaya yana sa yaro ya ɗaga kafaɗa yana ƙage hannu, kuma gyara wannan ɗabi'a ya fi koyar da sabon darasi wuya.

Jika 300 kusan yuro 457 ne. Ga yadda ya kamata a raba su: kamar yuro 300 zuwa 320 ga biyolon da akwatinsa, 80 zuwa 100 ga baka, sauran ga tsirkiya da kolofan (ƙaron da ake goga wa izgar baka) da abin riƙe danshi. Ƙanenki ya shiga shagon mai gyaran biyolon, wanda a can suke ce wa lutiye, kada ya danna oda a intanet ta zo masa cikin kwali. Dalili shi ne yawancin biyolon na wannan farashi a Sin ake ƙera su, kuma jikinsu ba laifi. Inda ake samun bambanci shi ne saitin da aka yi musu bayan sun fito daga masana'anta. Sunaye irin su Stentor, Gewa, Eastman da Yamaha suna da na ɗalibai, ya tambayi wanda kuɗin zai kai, amma ya nace a yi masa saiti kafin ya biya.

Abin da zai duba da idonsa: fuskar ta zama itacen epiciya ce sassaƙaƙƙiya, baya da gefe na erabul, ba falange da aka matse ba. Ya leƙa bakin ramukan nan biyu masu kama da harafin f. In itace ɗaya ne, layukan jijiyarsa za su gangara har cikin kaurin. In falange ne zai ga hawa-hawa. Allon yatsu da kunnuwa su zama baƙin itacen eben na gaske, ɗan'uwan kanyarmu. Masu arha farin itace suke rinawa, kuma in ya leƙa ƙarƙashin allon zai ga inda rinin bai kai ba. Irin wannan allo cikin shekara ɗaya tsirkiya take cinye shi ta yi masa kwari.

Sai tsayin tsirkiya daga kan allo, a auna a ƙarshensa wajen jaki, wato ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyin: Mi wajen milimita 3,5, Sol, wadda ta fi kauri, wajen 5,5. In ya wuce haka, yaro yana hawa sama sai ya danna da ƙarfi, sautin ya kauce, ya zaci kunnensa ne bai da kyau. In ya gaza haka, tsirkiya ta riƙa zuza a kan allo. Yara da yawa a nan suke karaya, alhali laifin na jakin da ba a fiƙe ba ne.

Baban Nana, Wadata

Hajiya, ni a kan baka zan tsaya, don a nan ne mutane suka fi yin rowa, kuma a nan asarar ta fi yawa. Bakan da ke zuwa kyauta cikin akwati ya isa ɗan fari. Yaron da ya fara koyon sa baka ya yi tsalle a kan tsirkiya, ko jan doguwar murya ɗaya ba rawa, wannan bakan ba zai kai shi ba.

Bakan biyolon cikakke tsawonsa wajen santimita 74 zuwa 75, nauyinsa wajen giram 60. Daga 58 zuwa 62 duk daidai ne. In aka ɗora shi kan yatsa, ya kamata ya tsaya daidai a wajen santimita 24 ko 25 daga gindin sandar. In nauyin ya rinjayi kai, hannu zai gaji. In ya rinjayi gindi, kan ba zai kama tsirkiya ba.

Manyan bakuna da itacen fernambuk na Barazil ake yinsu. Itacen ya yi ƙaranci, tun 2007 yana cikin jerin da yarjejeniyar CITES, ta cinikin itatuwa da namun dajin da ke neman ƙarewa, ke sa wa ido, don haka wanda ya ce zai ba ki fernambuk mai kyau a yuro 60, ki bar masa kayansa. A kuɗinki, kuma a yanayinmu, na zaren karbon ya fi. Zafi ba ya karkatar da shi, bushewa ba ta tsaga shi, in ya faɗi daga kan tebur da wuya kansa ya karye.

Yadda za a gwada: a riƙe gindin kusa da ido a kalli kan, kamar mai duba miƙewar kara. Kada ya kauce dama ko hagu. A juya bis ɗin gindi har tazarar izga da sanda a tsakiya ta kai kaurin fensir. A haka sandar ta ci gaba da lanƙwasa ciki. In sai ta miƙe sak kafin izgar ta yi ƙarfi, sandar raggo ce. Izgar ta zama ta doki ta gaske, a shimfiɗe kamar kirtani mai faɗi, ba a dunƙule gefe ɗaya ba. A roƙi mai shagon ya ja bakuna uku a kan biyolon ɗin da aka zaɓa, ƙanenki ya ɗauki murya ya turo wa malamin yaron. Za ki yi mamakin yadda kaya ɗaya ke canza murya daga baka zuwa baka.

Wanda ya karkace na yanzu, kusan tabbas barinsa ake yi a ɗaure. Duk sa'ad da aka gama kiɗa a sassauta bis har izgar ta saki.

Ɗan Tawa

Ni da za a bi tawa, a nemi tsohon na Mirkur. Garin nan na Faransa ya yi suna da ƙera biyolon, kuma tsofaffin na masana'antunsa, irin masu tambarin JTL, suna nan da yawa hannu na biyu. Itacen ya daɗe, muryar ta buɗe.

Mai gyaran kayan kiɗa, Talaje

Ɗan'uwa, muryarsu kam akwai daɗi, ban musa ba. Amma wanda aka gyara sosai ya fi ƙarfin jika 300, wanda kuma ya sauko wannan farashi yawanci yana da tsohuwar tsaga da aka liƙe. Tsagar da ta kwana lafiya shekara 50 a Faransa, hunturu ɗaya na Yamai ya isa ya buɗe ta.

Hajiya, ki kula da wannan sosai, don ƙanenki a Disamba zai zo, tsakiyar hunturu. Biyolon yana son danshin iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100. A lokacin buji namu yakan faɗi ƙasa da 20. Itace yana ƙanƙancewa a faɗinsa, kuma kaurin fuskar biyolon milimita 3 ne ko ƙasa da haka. Abin da ke biyo baya: kunnuwa su saki, haɗin fuska da gefe ya buɗe, in aka yi rashin sa'a fuskar ta tsage.

Magani ba tsada. A sayo ƙaramin ma'aunin danshi a ajiye cikin akwati, da jakunkunan daidaita danshi na Boveda masu lamba 49, ko bututun roba na Dampit da ake jiƙawa a zura ta ramin f. In Dampit ne a matse shi, a goge bayansa, kada ɗigo ɗaya ya zuba ciki. In babu ko ɗaya, a sami gwangwanin sabulu na roba, a huda murfin, a sa soso mai ɗan laima, a ajiye cikin akwati inda ba zai taɓa itacen ba, a riƙa dubawa kullum. Makon farko a bar kayan cikin akwati a rufe, a fito da shi lokacin darasi kawai, ya saba da iskarmu a hankali. Kada a jingine shi a bangon da rana ke duka, kada a ajiye shi gaban kilim, kuma a watan Afrilu da Mayu ko minti goma kada a bar shi cikin mota a rufe: mannin da aka haɗa shi da shi na fata ne, zafi yana sassauta shi, fentin kuma ya yi laushi ya kama zanen akwati.

In haɗin gefe ya buɗe, kada kowa ya ɗiga masa supaglu ko farin mannin kafinta. Da gangan ake sa manni mai saki, don haɗin ya buɗe maimakon itacen ya tsage, kuma a iya buɗe shi in za a yi gyara. A sassauta tsirkiyoyin kaɗan, a kai wa wanda ya san aikin.

Kunnuwa masu sulɓewa kuwa, a riƙa tura su ciki a hankali ana juyawa. Akwai man kunne da ake sayarwa, ƙanenki ya haɗo da shi. In babu, ɗan alli yana sa su kama, busasshen sabulu yana sa su juya. Amma wanda aka cusa da ƙarfi a hunturu, damina na zuwa zai kumbura ya kafe, har ya iya tsaga kan biyolon.

Maman Abdu, Yantala

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna shi, santimita 60 da ɗan ɗoriya. Na jika 90 na haƙura da shi. Saura tambaya biyu: wace tsirkiya za a sayo, kuma yaya za a ɗauko shi a jirgi? Sannan ƙaron da ake sayarwa a kasuwa zai iya maye kolofan?

Malamin kiɗa, Bukoki

Madalla, 4/4 ke nan. Ƙaron kasuwa ba zai yi ba, Hajiya. Kolofan ƙaron itacen fin ne da aka dafa, kamunsa daban. A sayo mai haske, mai tauri. Mai duhu ya fi laushi, a zafinmu yana danƙo ya cushe izga. Sabuwar izga tana son a goga mata sosai a karon farko, bayan nan shafa uku ko huɗu ya isa. In kika ga farin gari yana tashi kamar hoda, ya yi yawa, kuma shi ma yana kawo ƙarar nan ta kankarar tukunya. A goge tsirkiya da fuskar biyolon da busasshen ƙyalle bayan kowane darasi, ban da ruwa, ban da alkol, don alkol yana cin fenti.

Tsirkiya: a cire wadda ta zo daga masana'anta a sa mai cikin nailan, irin Dominant ta Thomastik ko Tonica ta Pirastro. Muryarsu ta fi ta ƙarfe zalla taushi, kuma ba sa damuwa da sauyin yanayi kamar ta hanji. Sabuwa takan yi kwana uku ko huɗu tana sauka kafin ta zauna, kada yaro ya tsorata. A haɗo da saiti ɗaya na ajiya, da Mi guda biyu, da La guda ɗaya, don Mi ce mai saurin tsinkewa, La kuma gumi yana cin naɗinta. Mai kiɗa kullum ya canza su tsakanin wata 6 da shekara. Marikin tsirkiya ya zama mai ƙananan bis huɗu a jikinsa, irin na Wittner, don yaro ya rage taɓa kunnuwa.

Mai gyaran kayan kiɗa, Talaje

Jirgi: a hannu zai riƙe shi ya shiga da shi, kada ya bi cikin manyan kaya. Ya tambayi kamfanin jirgin ƙa'idarsu tun kafin ranar tafiya, ya kuma riƙe takardar saye saboda duwan.

Akwai wani ɗan ginshiƙi a cikin biyolon, kaurinsa wajen milimita 6, yana tsaye tsakanin fuska da baya, daf da ƙafar jaki ta wajen Mi. Ba a manna shi ba, matsin tsirkiya ne ke taimaka masa ya tsaya. Saboda haka kada ƙanenki ya kwance tsirkiyoyin gaba ɗaya wai don tafiya. Ya sassauta kaɗan kawai, ya sa ƙyalle mai laushi gaba da bayan jakin. Haka in za a canza tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya ake yi. Da ya iso, a karkata shi a hankali kusa da kunne. In an ji abu na gangarawa ciki, ginshiƙin ya faɗi, kuma kada a ɗaure tsirkiya sai an tayar da shi, don fuskar za ta iya lotsawa. In shiru ne, a leƙa ta ramin f a tabbatar yana tsaye, sannan a dubi jaki daga gefe: ƙafafunsa biyu su zauna daram a daidai ƴan tsagogin ciki na ramukan f, bayansa na wajen mariki ya miƙe sak. Duk ɗaurin tsirkiya yana jan kansa gaba kaɗan-kaɗan, don haka malamin ya nuna wa Abdu yadda ake mayar da shi da manyan yatsu biyu tun kafin ya lanƙwashe.