Littattafan muhalli ga yara: abin da malamai suka ce a Tawa

Mun zauna da wasu malaman lakwal a Tawa kan littafin da ya dace yaro ya karanta game da daji da dabbobi. Yawancinsu sun ce a fara da abin da idon yaro ya sani. Littafin da ke zancen dusar ƙanƙara ya jira. A nemo mai hoton gawo, da bayanin yadda yake kaɗe ganye da damina, har hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa.

Wata malama ta dage kan labarin gida: aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka soma a 1984, layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya, da raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai. Ni ma nan na fi karkata.

An yi gardama kan harshe. Littattafan galibi da Faransanci suke, don haka aka ce malami ya karanta, ya mayar da Hausa, yara su rubuta sunan kowane icce a kaye. Wani dattijo ya ƙara da cewa bayan karatu a fita da su gona su haƙa tassa ko rabin wata, wato ramukan tare ruwan sama, da hannunsu.