Neman shawara kan karatun ɗana a tsakiyar Amurka

Baban Sadik, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ɗana ya kammala sakandare bana, kuma tun yana ƙarami ba a raba shi da ƙwallon ƙafa. Wani koci na wata ƙaramar kwaleji a jihar Iyowa ya ga bidiyon wasansa ya rubuto masa, amma mahaifiyarsa ta fi karkata ga Jami'ar Mishigan. Shin maganar koci tana tabbatar da gurbi da tallafin karatu?

Malam Garba, Argungu:
Wa'alaikumussalam, Alhaji. A fara tambayar rukunin da kwalejin take ciki a ƙarƙashin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i da kwalejoji a Amurka, domin makarantun rukuni na 3 ba sa ba da tallafi saboda wasa, sai dai na hazaƙa ko na ƙaramin ƙarfi. Na 1 da na 2 suna bayarwa, amma a ƙwallon ƙafa galibi wani kaso ne ɗalibi ke samu, sauran kuɗin ya hau kan iyaye. Koci yana iya sa baki, sai dai ofishin ɗaukar ɗalibai ne ke yanke hukunci, kuma sai sun duba sakamakon WAEC.

Maman Aisha, Yawuri:
Alhaji, ni ina bayan Hajiya. Daga garin An Abo, inda jami'ar take, ba a cika awa ɗaya a mota ba za a isa Diyabon, garin da Musulmi suke da yawa, ga masallatai ga naman halal. 'Yata ta yi shekarar farko a wani ƙaramin gari da gonakin masara suka kewaye, ita kaɗai take sahur a ɗakinta, a cikin sanyin da hunturunmu bai kama ƙafarsa ba.

Baban Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan sa shi ya tambayi kocin rukuninsu a rubuce.