Shekara da shekaru ba a haƙa rijiyar mai ba, yanzu an ce mu ƙara kuɗi: in ƙara ko in haƙura?

Mai sayar da kayan mota, Suame Magazine:
Salamu alaikum 'yan uwa. A 2013 ƙanin matata da ke zaune a Ingila ya zo hutu Kumasi da labarin wani ƙaramin kamfanin waje da ya samu lasisin neman mai a tekun wata ƙasa da ke yamma da mu. Lokacin kowa na maganar Jubilee, filin man da aka gano a tekun Ghana, gangar mai kuma ta haura dala 100. Mu biyar a Aboabo muka haɗa kuɗi muka ba shi ya saya mana hannun jari a can. Ni na sa sidi 8,000, wajen dala 4,000 ke nan a lokacin. A ciki akwai sidi 2,000 na yayata, kuɗin susu (adashi) da ta ɗauka, ni kuma na lallashe ta.

Tun daga nan gafara sa muke ji, ba mu ga ƙaho ba. Bana an gama binciken ƙarƙashin teku, baɗi ana neman abokin tarayya, baɗin baɗaɗa jirgin haƙa na hanya, sai kuma a ɗage. Har yau ko rijiya ɗaya ba a haƙa ba. Yanzu surukina ya ce kamfanin na sayar da sabon hannun jari da rahusa, wanda bai saya ba kasonsa zai ƙanƙance. In ƙara, in sayar, ko in zuba ido? Yayata kuma duk sallah sai ta tambaye ni.

Hajiya mai atamfa, Kejetia:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka ƙara ko pesuwa ɗaya. Mun ga DKM, mun ga Menzgold a 2018, kamfanonin da kuɗin mutane suka salwanta a hannunsu, duk da romon baka aka fara. Mai ruwa a kwando ba ƙarin ruwa yake bukata ba.

Tsohon ma'aikacin mai, Takoradi:
Hajiya, na yarda kada ya ƙara, amma ba lallai ne a ce damfara ce ba, kuma bambancin na da amfani. Waɗancan sun yi alkawarin riba mai tsoka. Kamfanin neman mai ba ya alkawarin komai, domin ba shi da abin sayarwa. Takardar lasisi ce kawai a hannunsa da taswirar duwatsun ƙarƙashin teku. Albashin shugabanni, kuɗin ofis, kuɗin hayar filin da gwamnati ke karɓa duk shekara, duk daga aljihun masu hannun jari suke fitowa. In kuɗi ya ƙare sai a buga sabon hannun jari a sayar. Kamar tukunyar waakye (shinkafa da wake) ce guda, kullum ana ƙara faranti ba a ƙara shinkafa.

Rijiya ɗaya a ruwa mai zurfi na cin miliyoyin daloli masu yawa, wata har ta haura miliyan 100. Ƙaramin kamfani ba shi da wannan, shi ya sa yake neman babba ya zo ya biya kuɗin haƙa ya karɓi kaso. To ku kun shiga a 2013, a tsakiyar 2014 farashi ya fara zubewa, zuwa Janairun 2016 ganga ta faɗi ƙasa da dala 30. Abin da manyan kamfanoni suka fara yankewa shi ne kuɗin neman sabon mai. Na ga abin da idona, jiragen haƙa aka sallama, abokan aikinmu da yawa suka koma gida. Da aka fara farfaɗowa sai korona ta zo a 2020.

Tambayar da zan yi ita ce: lasisin yana da rai kuwa? Ba a ba da shi har abada. A nan Ghana dokar 2016 ta ba da shekara bakwai na nema, da sharaɗin aikin da za a yi a kowane zango, sauran ƙasashe ma kowace da wa'adinta. Kamfanin da ya wuce shekara goma bai haƙa ba, ko dai yana rayuwa a kan ƙarin wa'adi, ko yana rigima da gwamnatin ƙasar.

Direban tirela, Asawase:
Ni dai na ce a yi haƙuri. Kafin kamfanin Kosmos ya ci karo da Jubilee a 2007 shekara nawa ana cewa Ghana ba ta da man kirki? Zuwa Disamban 2010 ga mai na fitowa. Kuma ku tuna rigimarmu da Kodebuwa, kotun teku ta Hambog ta hana haƙa sabuwar rijiya a wurin a 2015, sai Satumban 2017 aka yanke hukunci, aiki ya ci gaba. In ka sayar yau, gobe aka samu mai, baƙin ciki zai kashe ka, maigida.

Tsohon ma'aikacin mai, Takoradi:
Direba, wancan wurin filin man TEN ne, kuma an riga an ga man kafin rigimar. Ana cikin shari'ar ma aka fara fitar da shi a Agustan 2016 daga rijiyoyin da aka riga aka haƙa. A wurin kamfanin da ɗan'uwanmu ya sa kuɗi ba a ga komai ba tukun. Ko an gani ma ba a gama ba: filin man Pecan na nan Ghana tun 2012 kamfanin Hess ya gano shi, sai 2023 aka amince da tsarin haƙarsa. Ga kuma kamfanin Hyperdynamics a Gini, ƙananan masu jari sun jira shekaru, aka haƙa rijiya a 2012, aka sake a 2017, ba a samu man sayarwa ba, a 2018 kamfanin ya durƙushe. In kamfani ya faɗi, masu bin bashi ake fara biya, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi. Rijiyoyin gwaji kuwa, waɗanda ke fitowa a bushe sun fi yawa.

Akanta, Nima:
Kawu, kowa na maganar mai, ni wani abu ne ya tsaya mini. Ka ce kun ba shi ya saya muku. Da sunan wa? In a nan ne, kamar kamfanin mai na Tullow da ke kasuwar hannun jarin Ghana tun 2011, da kana da asusu da sunanka, ka je wurin dillali a buga maka. Naka a waje yake, hukumar SEC ta nan, mai kula da kasuwar hannun jari, ba ta da iko a kan kasuwar wata ƙasa. In sunan surukinka ne kaɗai a kai, a idon doka shi ke da su, in ya rasu kuma cikin gadonsa za su shiga.

Kafin maganar ƙari ko sayarwa, ka ce ya turo maka takardar dillali ta watan nan, mai nuna adadi da darajarsu yau. Ba zargi ba ne, ka faɗa masa da lalama. Sannan a nemo rahoton shekara na kamfanin, kyauta ake samu a intanet. Ka turo mini ni zan duba: nawa ya rage a asusunsu, nawa suke kashewa a shekara, ko masu binciken kuɗi sun rubuta cewa akwai shakka kamfanin zai iya ci gaba. In sabon kuɗin da suke nema bai kai kuɗin rijiya ba, albashi za ku biya musu.

Malamin makarantar allo, Aboabo:
Ɗana, abin da 'yar nan ta faɗa shi Allah Ya umarta a ayar bashi cikin Baƙara, a rubuta, a kafa shaidu. Ku biyar ɗin ku zauna a rubuta kason kowa, surukinka ya sa hannu. Yayarka kuma ka daina ce mata ana nan ana yi. Ba ka ci kuɗinta ba, kasuwanci ne ya juya, amma ɓoye mata gaskiya shi zai ɓata zumunci.

Direban tirela, Asawase:
To, amma dai kada ya sayar.

Mai sayar da kayan mota, Suame Magazine:
Na gode, Allah Ya saka. Na kira surukina jiya da dare. Ya ɗan ji haushi da farko, daga baya ya turo takardar. Bai taɓa ko ɗaya ba, amma duk da sunansa suke. Ashe an taɓa dunƙule kowane hannun jari ashirin ya koma ɗaya, ni ban ma sani ba. Kasona yau bai kai dala 100 ba, kuɗin dillali da na turowa za su cinye kusan rabi, don haka Direba ka kwantar da hankalinka, babu abin sayarwa. Ƙari kam ba zan yi ba. Ya yarda da rubutun, za mu zauna ranar Juma'a bayan masallaci a kira shi a bidiyo.

Da safe na je wurin yaya na faɗa mata komai. Ta yi shiru, sannan ta ce tun shekarar da na daina kawo maganar da kaina ta gane. Na ce zan riƙa ba ta sidi 200 duk wata daga shago har ya cika, ta ce sidin 2013 ko na yau? Akanta, ga rahoton nan na turo miki, shafi 84 ne, ban gane ko ɗaya ba.