Bindigar kakanmu mai kwanan wata 1917: yaya zan gane kayan jikinta na asali ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu a unguwar Gidan Dare da ke Sakkwato muka tarar da tsohuwar bindigar soja a naɗe cikin tabarma. A zoben ƙarfen da ke bayan kunama an buga hoton kambi, sai GR, sai BSA Co, sai 1917, sai Sht LE III da ɗan tauraro. A kan ƙota kuma akwai DP. Lambar da ke jikin sakatar ba ta yi daidai da ta jikin bindigar ba, kuma itacen gindi ya fi na gaba haske. Gwaggonmu ta nace cewa da ita Turawa suka yi yaƙin Giginya. Muna son mu miƙa ta gidan tarihi, amma ina son in san abin da zan faɗa musu. Kayan nata na asali ne ko haɗe-haɗe?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. A lallaɓa Gwaggo, amma maganar Giginya ba ta shiga. Sakkwato ta faɗi hannun Turawa 15 ga Maris 1903, wannan samfurin na bindigar Lee-Enfield (LE ɗin da ka gani) kuwa sai 1907 sojan Ingila suka karɓe shi, taku ma ƙirar 1917 ce, daga kamfanin BSA na Birmingham. GR ɗin nan Sarki George na biyar na Ingila ne. Tauraron yana nufin samfurin da aka sauƙaƙa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya don a riƙa ƙerawa da sauri, shi ya sa aka cire ɗan faifan da ke toshe gidan harsashi da saitin nesa na gefe. In ka ga babu su, kada ka ce an sace, haka ta fito.

Tsohon soja: Ɗana, kada bambancin lamba ya tayar maka da hankali tukuna. Duba wurare biyar: jikin bindiga, gindin bututu, bayan hannun sakata, ƙarfen hanci inda ake ɗaura banati, da ƙarƙashin saitin baya. A masana'anta lamba ɗaya ake buga musu duka. To amma bindigar soja ba kayan ado ba ce. Sakata ta lalace, mai gyaran makamai na bariki ya ɗauko wata ya daidaita, ya soke tsohuwar lamba da layi ya buga sabuwa kusa da ita. In ka ga haka, gyaran gwamnati ne, ba ya rage mata daraja a tarihi. In kuwa lambar daban ce ba a soke komai ba, wani ne daga baya ya zura mata sakatar wata bindigar. Nemi kuma ƴar kibiya mai yatsu uku, tambarin kayan gwamnatin Ingila, ana samunta har a ƙananan ƙarafa. FTR in akwai, an mayar da ita masana'anta an yi mata garambawul ke nan. DP ɗin da ka ambata shi ne babban labari: an yanke mata hukuncin ba ta harbi, sai fareti da koyon riƙo. Irin waɗannan, da tarkacen wasu ake cike su, don haka haɗe-haɗe ba abin mamaki ba ne. Ko da wasa kada wani ya sa mata harsashi.

Maƙeri daga Maƙera Assada: Aikinmu ba ya ɓuya, Malam. Dubi kusoshi. Na Turawa kawunansu a goge suke, tsagin a miƙe, tsatsarsu iri ɗaya da ta sauran jiki. Namu za ka ga sawun zarto, ko walda, ko noti na kasuwa. Itacen gindin nan, shinshina shi: na asali ya sha mai shekara da shekaru, ya yi duhu har ciki, da farantin tagulla a ƙarshe mai ƴar ƙofa ta ajiye kwalbar mai. In maɗaci ne ko ƙirya, a nan aka sassaƙa. Kuma don Allah kada ku kankare ta da yashi wai tana ƙyalli, tambarin za ku share.

Lauya: Duk wannan daidai ne, amma ku fara da doka. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashin .303 cikin haramtattun makamai, lasisinta sai daga Shugaban Ƙasa, kuma kada ku dogara da DP ya cece ku. Da halin tsaron da ake ciki, kada ka saka ta a mota ka ce za ka kai. Rubuta wa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ka sanar da ƴan sanda a rubuce ta hannun mai unguwa, su zo su ɗauka. Masu biyo ka ta bayan fage su ce za su saya, ka rufe su.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba, na duba: hanci da saiti lambarsu ɗaya da jiki, sakatar ce kaɗai daban, ba a soke komai ba. Gindin kuma babu farantin tagulla, ƙusa uku aka buga. Gobe in sha Allahu zan je wurin mai unguwa da takardar. Gwaggo dai ta ce 1917 ɗin ma Turawa ne suka rubuta.