Yaro yana da bakin magana? Gardamar da ta tashi a zauren gida kan riƙon yara a Kanada

Kawu: Auta, na saurari bayaninki kan dokar Kanada da ta fara aiki a Janairun 2020, wadda ta mayar wa ƙabilun asali ikon riƙon 'ya'yansu. Madalla. Amma cewa sai an ji ta bakin yaro kafin a yanke inda zai zauna, wannan shigo-shigo ba zurfi ne. Tunda an danƙa wa dattawa, magana ta ƙare. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Auta: Kawu, Allah ya ƙara girma, ai manya ne suka hango makarantun kwana da aka riƙa tura 'ya'yan ƙabilun asali dole. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu, aka hana su yarensu, kuma sai cikin shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe. Babu yaron da aka tambaya.

Kawu: Manyan gwamnati da coci ne, ba iyayensu ba. Kada ki haɗa.

Yaya Babba: Nan Kawu ya yi gaskiya.

Auta: Na yarda. To amma ƙidayar 2021 ta nuna yaran 'yan asali kashi 7.7 ne cikin ɗari na yaran ƙasar, alhali su ne kashi 53.8 na waɗanda ke hannun masu riƙo. Da yawansu sun girma a gidan baƙi. Dattijon da ke ƙauye bai san abin da suka gani ba sai sun faɗa masa.

Gwaggo: Ku bari in sa baki. Abin da ya tsaya min shi ne koyarwar ƙabilun asalin ta da'ira mai gida huɗu: jiki, tunani, zuciya da ruhi, in ɗaya ya yi rauni sauran ma ba su tsira ba. Jami'i zai iya auna jiki, ya duba ko yaro ya ƙoshi, ko yana da gado. Malami zai duba karatu. Amma zuciya fa? Wa zai gaya maka yaro yana kwana da kewar ƙaninsa in ba shi ba? Mu nan da muke bayar da riƙo ga 'yan'uwa, sau nawa yarinya ke ƙoshi tana ramewa, kowa na cewa ai tana hannun gwaggonta? Idan ka karɓi gida huɗun, Malam, ka karɓi tambayar yaro ke nan, ko ba ka so.

Yaya Babba: Gwaggo, a yi hattara dai. Ba dukkansu ke da wannan da'ira ba. Inuwit na can arewa koyarwarsu daban. Kuma hukuma ta iya liƙa zane a bango alhali ba ta sakin kuɗi. A 2016 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta tabbatar gwamnati na tauye kuɗin kula da yaran da ke yankunan ƙabilu, bayan ƙarar da Cindy Blackstock, mai fafutukar kare haƙƙin yaran, da majalisar shugabannin ƙabilun suka shigar tun 2007. Diyyar da aka amince da ita a 2023 ta haura dala biliyan 23 ta Kanada. Ni a wurina matsalar talauci ce, ba rashin sauraro ba.

Auta: Yaya, shi ya sa dokar ta hana ɗauke yaro don talauci kawai. Ita ce kuma ta ce a duba ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ba ta ce shi zai yanke hukunci ba. Kuma kuɗin da kake magana, yara ma sun taya nema. Shannen Koostachin, wata yarinya 'yar garin 'yan asali na Attawapiskat, tana da shekara 13 ta je Ottawa a 2008 ta tunkari minista, saboda an rufe makarantarsu bayan man dizal ya gurɓata ƙasar wurin. Ta rasu a 2010, sabuwar makaranta ta buɗe a 2014.

Kawu: To wannan yarinya ta yi ƙoƙari. Amma neman makaranta daban, zaɓar gida daban. Ɗan shekara bakwai zai zaɓi inda ake ba shi alewa.

Gwaggo: Sai a tambaye shi, a ji alewar ce ko wani abu yake gudu.

Kawu: A tambaya, ban hana ba. Amma a gaban kakarsa, ba a ofis ba.

Auta: In kuma a gidan kakar abin yake fa, Kawu?

Kawu: An kira la'asar. Zan dawo kanki.