Masu ilimin ƙasa, don Allah ku agaza min

Salam 'yan uwa, furojet ɗina ne ya cije. Na shuka masara a tukwane, pH ɗin ƙasar (ma'aunin tsami) 4.8, wato tana da tsami sosai, na zuba takin NPK yadda ya kamata amma gefen ganyen sai komawa shuni-shuni yake, tsiron ya ƙi tashi, da na tuge ɗaya sai ga saiwoyin gajeru masu kauri kamar an datse su. Na san in tsami ya yi yawa alminiyam da ƙarfe na riƙe fosfaras shuka ta kasa sha, to shi ne matsalar? In farar ƙasa (laim) zan sa don rage tsamin, ya ake lissafin adadinta, kuma sai na jira kafin in sake shuka? Wallahi abin ya dame ni.