Neman shawara: aikina kan Henriette Alimen ya dawo da jan biro

Ƴar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Don Allah ku taimaka, kaina ya kulle. Ina ajin ƙarshe a sashen ilimin ƙasa da duwatsu, an ce kowa ya gabatar da rayuwa da aikin masani ɗaya cikin minti 15. Na zaɓi Bafaranshiya Henriette Alimen don ita kaɗai ce mace a jerin. Shafi 12 na rubuta, sau biyu ina biyan kuɗin bugawa saboda na farko tawada ta dushe, ga rashin wuta, yawanci a waya na yi shi da dare. Na faro daga haihuwarta a Saint-Loubès kusa da Bordeaux a 1900, da karatunta a makarantar horon malamai mata ta Fontenay-aux-Roses, har rasuwarta a 1996. Malam ya ja layi ƙarƙashin "mace ta farko", ya rubuta a gefe: ina duwatsun? Saura kwana 9, kuma ba na jin Faransanci.

Mai Guduma:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminki ya yi gaskiya. Tarihin rayuwa minti 2 ya ishe shi, sauran ki raba aikinta gida biyu, don bai zama iri ɗaya ba.

Na farko, digirinta na dakta a 1936 kan Stampien na kwarin Paris. Sunan daga garin Étampes aka samo shi. Shimfiɗun duwatsu ne na zamanin Oligocene, kimanin shekara miliyan 34 zuwa 28 da suka wuce, lokacin da teku ta malale yankin ta bar yashin Fontainebleau da bawon halittun ruwa a cikinsa. Da wannan bawon ake gane wace shimfiɗa ce ƙasa, wace ce sama. Ki sani a jadawalin duniya na yau Rupelian ake kiran wannan zango. In kika nemi Stampien a can ba za ki gan shi ba, nan ɗalibai ke ɓata.

Na biyu, Sahara, bayan ta koma cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, CNRS, inda ta shugabanci ɗakin binciken zamanin Quaternary, wato zango na ƙarshe a tarihin duwatsu, a Bellevue kusa da Paris. Ta yi aiki a kwarin Saoura da duwatsun Ougarta a Aljeriya, wajen Béni Abbès. Kogin Guir da na Zousfana ne ke haɗuwa a Igli su zama Saoura. In damina ta yi ƙarfi kogin ya jibge tsakuwa da yashi, daga baya ya zaftare ƙasa ya nutsa, tsohuwar gaɓa ta tsaya a sama kamar matakala. Ki zana wannan a allo, ki nuna inda kayan dutse da mutanen farko suka sassaƙa suke cikin kowace matakala. Minti 8 ki ba shi. Shi ne amsar "ina duwatsun".

Ƴar Aji Huɗu:
Na gode Yaya. Amma fa taken da aka ba mu "rayuwa da aiki" ne. Kuma ni dalilin zaɓenta shi ne mace ce ta kutsa inda mata ba su da yawa. In na yanke wannan me ya rage nawa?

Malama Mai Taswira:
Ƴata, kada ki yanke. Kalmar "ta farko" kawai za ki cire, domin Madeleine Colani, wadda aka haifa a 1866, ta riga ta aikin burbushin tsirrai a Indochina ƙarƙashin Faransa. Ki ce tana cikin na sahun gaba, ki kawo hujja: ta shugabanci ƙungiyar Société préhistorique française ta masu nazarin tarihi kafin rubutu a Faransa, ta riƙe ɗakin bincike nata. Abin da ke ƙona min rai, a takardun da akan sa harafin farko na suna kawai, "H. Alimen", ɗalibai sai su riƙa cewa "ya ce". Aikin mace ya koma na namiji saboda harafi ɗaya, kuma ba mai gyarawa.

Ɗan Damagaram:
Batun Faransanci da sauƙi. Littafinta kan tarihin Afirka kafin rubutu ya fito a 1955, an fassara shi da Turanci a 1957. Mujallar waccan ƙungiya tana shafin intanet na Persée kyauta, ki sa sunanta ki ɗauki hotunan zane da taswira, su ba sa buƙatar fassara. "Oued" shi ne abin da muke kira kori a nan Nijar. "Biface" dutse ne da aka fafe ta fuska biyu, irin na Acheuléen, wato wani tsohon salon sassaƙa kayan dutse, sunan daga Saint-Acheul kusa da Amiens. Kada ki ce masa gatarin aradu. Gatarin aradu gogagge ne sumul, na zamanin da ya zo can bayan wannan ƙwarai. Ɗan'uwa Mai Guduma, da ni ne da Sahara kaɗai zan tsaya, Paris ta yi wa masu sauraro nisa. Abin haushi ma, binciken hamadarmu yana jibge da Faransanci, ƴan'uwanmu na Najeriya ba sa kai gare shi.

Mai Guduma:
A'a, ba a cire Paris. A can ta koyi karatun shimfiɗa, shi ta ɗauka ta kai Saoura. Kuma wannan littafin na 1955 a yi hattara da shi. Ya riga ƙoƙon kan tsohon jinsin mutum da masaniya Mary Leakey ta tono a Olduvai ta Tanzaniya a 1959, ya riga auna shekarun wurin da hanyar awo ta potassium-argon a 1961, wanda ya ba da kusan shekara miliyan 1.75. Tsarin manyan damuna na Gabashin Afirka, su Kamasian da Gamblian, da ake jera abubuwa da shi a lokacin, an daina aiki da shi. Farkon Quaternary ma a 2009 aka tsayar da shi a shekara miliyan 2.58 da suka wuce. Duk shekarar da kika kwaso daga littafin ki ce "a fahimtar wancan lokaci". Kada kuma ki ce da awon carbon-14 aka auna shekarun kayan Acheuléen, iyakarsa kusan shekara 50,000.

Malama Mai Taswira:
Duk wannan a minti 15? Za ka ruɗa yarinyar nan.

Ƴar Aji Huɗu:
Allah ya saka da alheri duka. Na cire "ta farko". Amma shafi 5 na rayuwarta zan bar su, na sha wahalarsu. Zanen matakalar nan, Yaya, tsohuwar ce a sama ko sabuwar? A aji an ce mana abin da ke ƙasa shi ne ya girmi na sama.